Tambaya da Amsa: Mazan da ake duka a cikin gida kuma ba su da bakin faɗa

Wannan makon wasiƙun da na zaɓo duk a kan abu ɗaya suke, kuma yawancinsu daga masu karatunmu ne na Birtaniya, shi ya sa zaku ga dokoki da lambobin wayar can ne suka fi yawa. Na cire sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Dan Allah ki ɓoye sunana. Ni da ƙanena muna Ingila, ni ina Manchesta shi yana wani gari daban, na jima da sanin cewa shi maza yake nema kuma wallahi bana son abin, na faɗa masa ra'ayina har muka daɗe bama magana, amma ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Mutumin da suke zaune tare dukansa yake yi. Ranar da ya zo wajena na ga shatin yatsu a wuyansa ya ce min wai kwalar riga ce, muryarsa ma a dishe take. Wayarsa mutumin ne ke dubawa, albashinsa akawun ɗin mutumin yake shiga, kuma duk sanda ya ce zai tafi sai ya ce masa zai kira iyayenmu ya faɗa musu komai ya tura musu hotuna. Na ce ya kira 'yan sanda ya ce dariya zasu yi masa wai ƙato da ƙato. Anti ya zan yi, ina tsoron kar wata rana a kira ni a ce in zo in ga gawa.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da wuyan nan kafin komai, domin shi ne ya fi tayar min da hankali a duk wasiƙarki. Shaƙe wuya ba irin sauran duka ba ne, duk masu aiki da waɗanda ake zalunta a gida sun san cewa ranar da hannu ya kai wuya to an zo gaɓar da rai zai iya salwanta, kuma illarsa ba lallai ta fito a ranar ba, mutum zai iya tashi kamar lafiya lau sai bayan kwanaki jijiyar jinin wuyan da ta ji rauni ta jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Dishewar murya, wahalar haɗiya, jiri, jan ido, mantuwa, duk alamomi ne. Ki lallaɓa shi ya je asibiti ya faɗa wa likita a fili cewa shaƙe shi aka yi, ba sai ya kai ƙara ba kafin a duba shi, kuma abin da likita ya rubuta yana nan a ajiye idan wata rana ana buƙatarsa a kotu. A Ingila da Wales tun watan Yunin 2022 shaƙe mutum laifi ne mai zaman kansa ko da bai bar tabo ba, hukuncinsa yana kaiwa shekara 5.

Sauran abubuwan da kika lissafa kuma, riƙe albashi, binciken waya, barazana, su ma doka ta san da su. Dokar 2015 ta mayar da juya mutum da tsoratarwa da ƙuntata masa a cikin zaman tare laifi, shi ma har shekara 5, sannan dokar cin zarafi a gida ta 2021 ta fito fili ta ce danne wa mutum kuɗinsa cin zarafi ne, ta kuma sa barazanar yaɗa hotunan tsiraicin mutum cikin laifuka, wato ko bai tura ba, faɗin zan tura ɗin kaɗai ya isa. Kuma babu inda dokar ta ce sai mace ce ake zalunta ko sai namiji da mace ne ke zaune tare.

Maganar ƙato da ƙato kuwa ita ce ta kashe bakin maza da yawa. Mutane suna ɗauka in maza biyu ne ai faɗa ne kawai, kowa ya ji a jikinsa shikenan. Alhali abin da za a duba shi ne wa ke tsoron wa, wa ke auna kalamansa kafin ya buɗe baki, wa ke jin gabansa na faɗuwa in ya ji ƙarar makulli a ƙofa. Ƙanenki ko da ya fi mutumin ƙarfi a jiki, mutumin yana riƙe da abin da ya fi ƙarfin dantse, yana riƙe da asirinsa, kuma ya san cewa tonawar zata iya raba shi da uwa da uba da dangi gaba ɗaya. Wannan barazanar ita ce ta bambanta halin da irin su ƙanenki ke ciki da na sauran mutane, kuma ita ce dalilin da ya sa aka kafa musu wuraren neman taimako na daban. Kuma ba shi kaɗai ba ne wallahi. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta ce a shekarar da ta ƙare a Maris 2023 maza kusan 751,000 ne aka ci zarafinsu a gida a Ingila da Wales, mata kuma kusan miliyan 1.4, kin ga cikin mutum uku ɗaya namiji ne. A Amurka ma binciken hukumar lafiya ta CDC na 2010 ya gano kashi 26 cikin ɗari na maza masu neman maza da kashi 37 na masu neman maza da mata sun taɓa fuskantar duka ko fyaɗe ko bibiya daga abokin zama.

Toh ina zai kira. Akwai Galop, ƙungiya ce da aka kafa a Landan tun 1982 kuma ita ke riƙe da layin ƙasa na irin waɗannan mutanen tun 2016 da ƙungiyar Broken Rainbow ta rufe, lambarsu 0800 999 5428, kyauta ne. Amfanin kiran su shi ne ba sai ya tsaya yana kame-kamen bayanin waye mutumin a wajensa ba, ba sai ya ce abokina ko wanda muke haya tare ba, sun saba. Akwai kuma Men's Advice Line na ƙungiyar Respect, 0808 8010 327, na maza ne kowane iri, amma a ranakun aiki suke amsawa ba dare da rana ba. Ke ma zaki iya kiran ko wanne a matsayinki na yayarsa su ba ki shawara, ba sai kin jira ya yarda ba. In kuma abin ya zo da gaggawa 999 ne, in ba zai iya magana ba saboda mutumin na kusa ya kira da wayar hannu ya saurara, in an nemi ya danna 55 ya danna, sai a haɗa shi da 'yan sanda.

Akwai wani abu kuma da ke kanki zaki iya yi. Ana kiransa dokar Clare, daga sunan Clare Wood da tsohon saurayinta ya kashe a Salford nan kusa da ku a 2009, ta fara aiki a duk Ingila da Wales a 2014. Tana ba mutum ko ɗan'uwansa damar tambayar 'yan sanda ko abokin zaman nan yana da tarihin duka a baya. In sun ga akwai haɗari galibi shi ƙanen naki zasu sanar wa ba ke ba, amma ke kin buɗe ƙofar.

Yanzu ga abin da nake roƙonki, kuma shi ya fi duk lambobin nan. Kar ki haɗa maganar ceton ransa da maganar ra'ayinki a kan rayuwarsa a zama ɗaya. Ban ce ki canza abin da kika yarda da shi ba. Amma ranar da kika ce masa ka gani ko, ai na faɗa maka wannan hanyar ba zata ɓulle ba, to kin tabbatar da abin da mutumin nan yake raɗa masa kullum cewa ba mai sonka sai ni, danginka ma sun tsane ka, daga nan zai daina zuwa wajenki kuma shikenan kin rasa shi. Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki ce masa na ga wuyanka, ina tsoro, ƙofata a buɗe take ko ƙarfe nawa ne. Kar ki je ki tari mutumin da faɗa, kar ki tura masa mesej, ƙanenki ne zai biya a daren. Kuma kar ki matsa masa ya fita yau yau ba shiri, domin lokacin fita da makonnin da ke biye sune mafi haɗari, a nan ne mai zalunci ke ganin abin ya kuɓuce masa. Ku shirya a hankali: fasfonsa da takardunsa da ɗan kuɗi da magani su dawo wajenki, ya buɗe sabon akawun a wani bankin da wasiƙunsa zasu zo adireshinki, ku tsayar da wata kalma da in ya faɗa a waya kin san ki kira 'yan sanda kawai. In ya kira layukan nan ya goge su daga jerin kiran wayarsa, ko ya kira da taki. In ya fita, kotun iyali na iya ba shi odar hana mutumin kusantarsa ko kiransa, ba a biyan kuɗin shigar da wannan buƙatar, kuma karya odar laifi ne da ake kama mutum a kai.

Batun iyayenku kuma, ku biyu ku zauna ku yi tunanin me zaku yi in har mutumin ya kira su da gaske. Zai iya yi. Amma barazanar da aka riga aka yi mata shiri ƙarfinta ya ragu, in ƙanenki ya san ko an tona akwai mutum ɗaya a gidanku da zai tsaya a gefensa, ba zai ci gaba da zama ana shaƙe shi saboda tsoron kiran waya ɗaya ba.

TAMBAYA: Anti barka da wannan lokaci. Ni magidanci ne, matata 'yar ƙasar nan ce kuma a kan bizar aure nake zaune. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce tun ina saurayi ina da sha'awar maza da mata duka, ban ci amanarta ba tunda muka yi aure amma ta ga tsofaffin saƙonni a wayata. Tun daga ranar rayuwata ta canza, mari, jifa da duk abin da ta samu, ta taɓa watsa min ruwan zafi a hannu, kullum maganarta zata rubuta wa hukuma a soke bizata a mayar da ni gida kuma zata faɗa wa kowa ko ni waye. Muna da yaro ɗaya. Ni bana ramawa saboda nasan in na taɓa ta ni za a kama. Akwai mafita kuwa ko haƙuri zan ci gaba da yi?

AMSA: Ɗan'uwa sannu, Allah ya kawo maka sauƙi. Ruwan zafi ya wuce wurin haƙuri. Tana da damar jin zafi a kan abin da ta gani, tana da damar ta ce aure ya ƙare, amma ba ta da damar ƙona ka, kuma rashin ramawar da kake yi daidai ne ka ci gaba da riƙe hannunka.

Maganar biza ita ce igiyar da ta ɗaure ka da ita, toh ka saurara da kyau. Dokar shige da fice ta Birtaniya ta tanadi hanya ga wanda ya zo a kan bizar aure ko zaman tare da ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin, sannan zaman ya mutu saboda cin zarafi: zai iya neman zaman dindindin da kansa ba tare da sa hannun matar ko mijin ba. Ba na mata kaɗai ba ne. Akwai kuma wani rangwame na wata 3 da ke ba mutum izinin zama da damar karɓar tallafin gwamnati ya samu wurin kwana kafin ya shigar da babbar buƙatar, tun Fabrairun 2024 ake kiransa MVDAC a taƙaice. Sai dai kar ka cike komai da ka, shiga wannan rangwamen yana canza matsayin bizarka kuma ba a komawa baya, saboda haka ka fara ganin lauyan shige da fice mai rajista, kuma marasa hali na iya samun lauyan da gwamnati ke biya a irin wannan shari'ar. Abin da zai taimake ka shi ne shaida. Ka je wajen likitanka ya ga hannun ya rubuta abin da ya faru, ka ɗauki hoton raunin da kwanan wata, saƙonnin barazanarta ka yi musu sikirinshot ka tura wani imel da ba ta san da shi ba, ka riƙa rubuta rana da abin da ya faru.

Ka kira Men's Advice Line, ko ManKind Initiative wadda ita ma ta maza ce, su haɗa ka da ma'aikacin da ake kira IDVA, wato mutumin da aikinsa shi ne ya tsaya maka tsakaninka da 'yan sanda da kotu da masu ba da gida. In kana son wurin da zaka faɗi ɗaya ɓangaren na rayuwarka ba tare da an ɗaga gira ba, Galop na karɓar masu neman maza da mata ko da wanda ke zaluntarsu mace ce. Kuma yaron nan, dokar 2021 ta ce yaron da ke gani ko jin cin zarafi a gida shi ma wanda aka zalunta ne, ba ɗan kallo ba. Sha'awar da ke zuciyarka ba hujja ba ce a kotun can ta raba ka da ɗanka, abin da alƙali ke dubawa shi ne lafiyar yaron da amincinsa.

TAMBAYA: Anti ni an haife ni mace amma shekaru ke nan ina rayuwa a matsayin namiji, ina kan allurar homon ta hannun likita. Wanda muke tare da shi in mun yi faɗa sai ya ɓoye min maganin, ya riƙa kirana da tsohon sunana a gaban mutane, ya ce ba wanda zai karɓi irina, gidan fakewar mata zasu kore ni na maza kuma zasu yi min dariya. Ya sha tilasta min kwanciya ina cewa a'a. Ina Wales. Shin da gaske babu inda zan je?

AMSA: Akwai inda zaka je. Amma kafin wurin kwana, abin da ka faɗa a ƙarshe kamar ka ratsa ta gefensa ne, ni kuma a nan zan tsaya. Wanda aka ce masa a'a ya yi da ƙarfi fyaɗe ya yi, zaman tare baya wanke shi. Akwai cibiyoyin da ake kira SARC a faɗin ƙasar, suna duba mutum su ba shi magani su adana shaida ko da bai shirya zuwa wajen 'yan sanda ba. In abin ya sake faruwa lokaci na da muhimmanci, maganin kariya daga ƙanjamau da ake kira PEP sai an fara shi cikin awa 72, ana shan sa kwana 28. Kuma ka sani allurar homon ɗin maza ba maganin hana ɗaukar ciki ba ce, ko da al'ada ta ɗauke, in mahaifa na nan ciki na iya shiga, ka faɗa wa ma'aikaciyar jinya ta san abin da zata ba ka. SurvivorsUK, da aka kafa a 1986 domin mazan da aka yi wa fyaɗe, suna karɓar wanda ya sauya jinsi.

Ɓoye maka magani kuwa cin zarafi ne kamar yadda ɓoye wa mai ciwon suga allurarsa yake, ka sanar da likitanka a canza yadda kake karɓa ko ka ajiye a wajen wani amintacce.

Ba zan ruɗe ka a kan wurin fakewa ba, gadajen da aka ware wa maza kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da na mata, sannan tun hukuncin kotun ƙolin Birtaniya na Afrilun 2025 da ya ce kalmar jinsi a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa, wuraren da aka keɓe wa jinsi ɗaya kowanne na sake duba ƙa'idarsa. Amma wannan hukuncin bai cire kariyar da doka ta ba wanda ya sauya jinsi daga wariya ba, kuma gidan fakewa na taro ba shi kaɗai ne mafita ba, akwai ɗakuna da filat da ake ba mutum shi kaɗai, akwai kuma ƙaramar hukumarku da wajibi ne ta duba buƙatar wanda ya rasa muhalli saboda cin zarafi. Tunda kana Wales ka yi sa'a ta wani ɓangaren, akwai Dyn Project na ƙungiyar Safer Wales da ke Kadif, aikinsu kenan, maza masu neman mata da masu neman maza da masu neman duka biyu da waɗanda suka sauya jinsi, lambarsu 0808 801 0321. Da dare ko ƙarshen mako kuma Live Fear Free, 0808 80 10 800, suna amsawa awa 24. Stonewall Housing na ba da shawarar muhalli, in kuma shekarunka tsakanin 16 da 25 ne akwai ƙungiyar akt mai taimaka wa matasa irinka da suka rasa muhalli. Shi mutumin da ya ce ba mai karɓarka bai taɓa kiran ko ɗaya daga cikinsu ba, ya faɗa ne don ka zauna.

TAMBAYA: Malama, na ga a fitowar baya kin ce zaki amsa wasiƙun irin waɗannan mutane. Ni dattijo ne kuma ina ganin bai dace ba. Wannan ba ɗaure wa ɓarna gindi ba ne?

AMSA: Baba na gode da ka rubuto kuma na girmama damuwarka. Ni ba malama ba ce ta fatawa kuma ban zo canza wa kowa aƙidarsa ba. Abin da ke gabana mutum ne da aka shaƙe, da wanda aka ƙona da ruwan zafi, da wanda aka yi wa fyaɗe. Likita in an kawo masa mai zubar jini baya tambayar tarihinsa kafin ya ɗinke. Kuma Baba ka fi ni sanin hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi ake zalunta, taimakon azzalumin shi ne a hana shi. Shirun da muke yi ba ya gyara kowa, mai dukan kaɗai yake amfana da shi, domin da shirun namu yake tsorata wanda yake duka.

TAMBAYA: Anti ni kaina ya kulle. Ni da abokin zamana duk muna dukan juna, shi ya ce ni ne mugun ni kuma ina ganin shi ne. Wani lokacin ni ke farawa in na ga yana chatin da wasu. Waye mai laifi?

AMSA: Daga wasiƙa ɗaya ba zan yanke ba, amma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: kana tsoronsa ko shi ke tsoronka? Wa ya daina ganin abokansa, wa ke neman izini kafin ya fita? Wanda aka daɗe ana zalunta yakan rama wata rana sai a ce masa ai kai ma kana yi, wannan daban. Amma kai da bakinka ka ce kana farawa saboda kishi, kuma kishi ba lasisin duka ba ne. Ka kira Respect Phoneline, 0808 8024040, layi ne na masu jin tsoron abin da hannunsu ke aikatawa, ba zagi zasu yi maka ba, zasu taimaka maka ka gane inda kake tsaye kuma akwai shirye-shiryen gyaran hali. Kafin nan ku raba wurin kwana, kuma kar ku je wajen mai sulhunta ma'aurata tare muddin ana duka, abin da ɗaya ya faɗa a can da shi ake dukansa a gida.

TAMBAYA: Anti ni ba a Turai nake ba, a ƙasar da nake in aka san abin da ke tsakanina da shi ni ma gidan yari zan tafi. Yana dukana yana karɓe min kuɗi, ya ce in na ƙi zai kai ni wajen hukuma da kansa. Duk waɗannan ƙungiyoyin da ake faɗa ba su shafe ni ba. Ni fa?

AMSA: Ƙanena taka ce ta fi kowacce nauyi, kuma irinka suna da yawa, ƙasashe wajen 60 ne a duniya dokarsu ta haramta wannan alaƙar, a irin waɗannan wuraren mai zalunci ya san wanda yake duka ba zai iya kai ƙara ba. Don haka ba zan ce maka ka tashi ka tafi ofishin 'yan sanda kai kaɗai ba, kar ka yi haka sai ka fara magana da lauyan kare haƙƙin ɗan Adam wanda ka bincika ka tabbatar da shi, domin abin da ka faɗa wa lauyanka sirri ne, kuma duka da karɓar kuɗi da barazana laifuka ne a ko'ina, lauya ne zai san ko akwai yadda za a bi da su ba tare da an jefa ka cikin haɗari ba.

Ka lura da abu ɗaya, shi ma in ya kai ka ya kai kansa, yawancin masu wannan barazanar sun san haka. Ban ce ka raina ta ba, amma kar ka ɗauka shi ba shi da abin tsoro. Kuɗin da kake ba shi kuma ba zai taɓa isarsa ba, kowane biya yana koya masa cewa hanyar na aiki.

In ka ji rauni ka je asibiti, ba dole ba ne ka faɗi alaƙarku, wani ya dake ni ya isa. Ka tsabtace wayarka, hotuna da hirarrakin da za a iya amfani da su a kanka ka goge su har daga ma'ajiyar intanet, amma saƙonnin da yake neman kuɗi ko yake barazana ka adana su a wani wurin da ba wayar da kake yawo da ita ba. Ka canza duk lambobin sirrinka, na waya da na imel da na banki, ka duba ko ya kunna abin bibiyar inda kake. Ka fara ɓoye kuɗi kaɗan kaɗan a inda hannunsa baya kaiwa. Ka samu mutum ɗaya, ɗaya tak, da zai san cewa wane yana cutar da kai, ko da baka faɗa masa dalili ba, wanda zaka iya kwana a wajensa. Kar ka sanar da shi ranar tafiyarka, kar ka yarda da haɗuwar bankwana a ɗaki ku biyu, in akwai kayanka a wajensa da ba takardu ba ne ka bar masa. In ka samu wurin zama ka sake rubuto min ta sabon imel, akwai maganar yadda zaka yi in ya fara kiran mutanenka, ita kuma sai na ji wa da wa ya sani a cikinsu.